Ƙullin Ganyen Gwaiba

Hadassah ta ɗaga murfin madambacin, tiriri ya bugi fuskarta, ta kawar da kai ta jira ya lafa. Da ta leƙa sai ta ga wayam. Ruwa na ta tafasa a tukunyar ƙasa, amma ƙullin da ta ɗora da hannunta babu shi babu dalilinsa.

Ta mayar da murfin, ta sake ɗagawa, kamar zai ji kunya ya dawo.

"Yesu Almasihu! Wa ya taɓa min tukunya?"

Gidan haya ne a unguwar Kamazou, ɗakuna a jere, ƙofar waje kuwa tun da aka kafa ta ba ta san sakata ba. Gawayi kawai ta fita saya a bakin titi. Maƙwabciyarta da ke wanki a bayan gida ta rantse ba ta ga ko kaza ba, ta dai ji ƙarar ƙofa, ta ɗauka iska ce.

Wanda bai sani ba zai ce mene ne abin tayar da hankali a kan ƙunshin ganye. To bari in faɗa muku.

Tun farkon damina Hadassah ke zuwa unguwar Makera wurin Hajiya Safiya koyon buga ganye a jikin yadi. Hajiya ta yi ƙuruciyarta a sashen rini na wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙun suka rufe ta koma gida, har ranar da 'yarta ta nuna mata wannan sabon salo a waya, ita kuma ta haɗa da abin da ta sani ta buɗe aji a zaurenta. Da takarda ake farawa. A jiƙa ta da ruwan alimun, a shimfiɗa ganye, a danne tsakanin tayil biyu, a turara. In hannu ya faɗa sai a koma yadi. A jera ganyen turare ko na marke a kan farar auduga, a rufe da tsohon ƙyalle da aka tsoma a ruwan tsatsa, a naɗe su a jikin bututun ƙarfe, a ɗaure da zare, a sa a madambaci kamar dambu. In ya dahu ya huce aka kwance, sai ka ga ganyen ya bar hotonsa a yadin, har jijiyoyinsa.

Abin da ke cikin wannan ƙullin kuwa ba na sayarwa ba ne. Kallabi ne take yi wa Mama Celina, mahaifiyar saurayinta Elisha.

Asabar mai zuwa ne dangin Elisha za su zo gaisuwar iyaye, kuma duk unguwa an san da ƙyar aka shawo kan Mama ta yarda. Ita tun Elisha na makarantar Lahadi ta zaɓar masa Tracy, 'yar Dattijo Ɗanjuma na cocinsu. Hadassah kuwa, marainiya 'yar garin Mangu da ke zaune a ɗakin yayarta, da hanci Mama kan amsa gaisuwarta. Shi ya sa yarinyar ta zauna ta yi tunanin abin da za ta ba matar nan wanda babu shi a kasuwa. Sai ta tuna bishiyar gwaibar da ke tsakar gidan su Elisha, wadda marigayi mahaifin Elisha ya dasa, wadda Mama ba ta yarda ko jifanta a yi. Ta tsinki ganyen a ɓoye wata rana da ta je gaisuwa. Ta roƙi Elisha tsohuwar farar rigarsa, don Hajiya ta ce audugar da ta sha wanki ta fi shan ruwan tsatsa. Ba ta gaya wa kowa dalili ba, so take ta ba su mamaki.

Ni dai da ta shawarce ni da na ce mata ba a yi wa uwar miji irin wannan bazatar. Amma mai soyayya ba ya jin kira.

Ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Suna ɗaya ne ya zo mata: Tracy. Kwanan nan sau nawa take ganin yarinyar tana wucewa ta layinsu, ba aike ba komai? Ran Lahadi ma a gaban 'yan waƙa Tracy ta kama hannunta ta ɗaga sama tana dariya. "Sista, wai me kike dafawa ne haka da hannunki ya koma na bakanike?"

Ta kalli hannun nata. Yatsun baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce. Hajiya ta sha yi mata faɗa kan ta riƙa sa safar hannu. "Ruwan tsatsa in ya haɗu da ruwan ganye, 'yata, ba sabulun da ke fitar da shi. Sai fatar ta gaji ta sake shi da kanta."

Ta zaro waya ta kira Elisha. Sai da ta kusa katsewa ya ɗauka.

"Eli, kana ina?"

"Ina Kudenda mana, wajen aiki. Lafiya?"

"Ina fa lafiya! An ɗauke min ƙulli daga cikin tukunya. Na fita sayen gawayi, kafin in dawo an yi gaba da shi. Na rantse Tracy ce."

"Dassah, kar ki ɗora wa mutum abin da ba ki gani da idonki ba."

"Au, kare ta kake yi?"

"Ba kare ta nake yi ba." Sai ya sassauta murya. "Me ke cikin ƙullin?"

"Aikina ne. Zan gaya maka in lokaci ya yi."

"To," ya ce. "Oga na kira na."

Sai bayan ya kashe ta lura ba ta ji rugugin injinan da ta saba ji a bayansa ba. Ta ce wa kanta wataƙila wuta aka ɗauke musu.

Rana ta ɗan karkata wayar ta sake ƙara. Sunan Mama Celina ta gani. Mama ba ta taɓa kiranta ba, ko da kuskure.

"Ina wuni, Mama."

"Riƙe gaisuwarki. Ki zo gidana yanzu da ƙafarki, kafin in aiko a kawo min ke."

* * *

Tun daga bakin ƙofa ta san ba lafiya. An janye teburin tsakiyar falo, an naɗe darduma. A kan siminti an ajiye tire, a kan tiren ga ƙullinta, an zagaye shi da man zaitun kamar ana tsoron ya rarrafa.

Gaskiya, ko ni na shigo ban san labari ba da sai na ja da baya. Abu ne baƙi, jiƙaƙƙe, an ɗaure shi da zare ta ko'ina, bututu mai tsatsa ya leƙo ta gefe biyu, wutsiyoyin ganye sun fito, yana wari kamar tsohuwar rijiya. Ga wuyan rigar Elisha a fili, har da maɓallinsa.

Mama Celina na zaune a babbar kujera da zanen Zumuntar Mata a jikinta, idanunta jajur. Dattijo Ɗanjuma na gefenta, Littafi Mai Tsarki a kan gwiwa. Tracy ta jingina da ƙofar kicin kamar 'yar gida. Can a lungu Elisha ne, da jaket ɗin aiki duk zafin nan, ya harɗe hannuwa a ƙirji ya cusa su a hammata, kansa a ƙasa.

Hadassah ta durƙusa. Amma kafin gaisuwa ta fito, idonta ya faɗa kan tiren, bakinta ya riga hankalinta.

"Wayyo! An cire shi bai dahu ba!"

Mama ta dafe ƙirji ta miƙe zumbur.

"Kun ji ko? Baba, ka ji da kunnenka? Bai dahu ba! To da ya dahu fa, da yanzu ɗana yana ina?"

"Mama, ba haka nake nufi ba..."

"Rufe min baki! Rigar wa ce wannan?"

"Ta Elisha ce."

"Me take yi a ciki?"

"Ita ce ke riƙe ruwan tsatsa, Mama. In babu ita ba zai kama ba."

"Ba zai kama ba!" Mama ta tafa hannu ta juya ga Dattijo. "Ya kama wa? Ai ya riga ya kama! Yaron da bai taɓa tsallake maganata ba, yau shi ke kallon tsabar idona yana cewa in ba ke ba sai rijiya. Tuwona ya daina yi masa daɗi. In yana zaune yana murmushi shi kaɗai kamar taɓaɓɓe. Ina ta addu'a ina cewa Ubangiji, me ya sami ɗana? Ashe a tukunya yake!"

"Na wa o," in ji Tracy a hankali da Turancinta na buroka, tana girgiza kai.

Dattijo Ɗanjuma ya ɗaga hannu. Mutum ne mai sanyin magana, irin waɗanda sanyinsu ya fi tsawa ban tsoro.

"'Yata, ki natsu ki ba ni amsa. An ce kina zuwa Makera kowane mako da buhun ganye."

"Haka ne, Baba. Wurin malamata nake zuwa, Hajiya Safiya. Sana'a take koya mana, mu da yawa, Kirista da Musulmi. Ku kira ta yanzu, ga lambarta."

"Ba mu ce mutanen Makera sun yi wani abu ba, ina da aminai a can. Masu irin wannan aiki a kowace unguwa akwai su, kuma ba wanda ke amsa sunansa a waya. An ce an ga ƙusoshi masu tsatsa a jiƙe cikin kwalba a bayan ɗakinki."

"Da su ake haɗa ruwan, Baba."

"Me ya sa aka ɗaure shi haka tamau?"

"Don kada ya motsa."

Tana faɗa ta ji yadda maganar ta sauka a ɗakin. Ta rufe baki da hannu, sai kuma ta tuna launin hannun, ta yi sauri ta sauke shi. Amma Mama ta riga ta gani.

"Ku dubi hannun! Ku dubi hannun da za a ce ya tuƙa wa jikokina tuwo! Ganyen kuma na ina ne? Faɗi, don an gan ki."

Nan hawaye suka ɓalle mata.

"Na gwaibarki ne, Mama."

Mama ta koma kan kujera daɓas. Muryarta ta sauka, kuma saukar ta fi ihun ciwo.

"Bishiyar mijina. Abu ɗaya da ya bar min da nake gani kullum da safe. Rigar ɗana ba ta ishe ki ba, sai kin haɗa da mamaci? Me na yi miki, Hadassah? Ban so ki ba, gaskiya ne, ban ɓoye ba. Amma na haƙura na ce a zo Asabar. Na haƙura fa!"

"Mama, ki yafe min, na ɗauka ban tambaya ba, wannan laifina ne. Amma Allah na gani ban taɓa zuwa wurin boka ba. Uwata ta mutu tana riƙe da hannuna tana waƙar sujada. Ya zan yi in tsaya gabanta ranar ƙarshe?" Ta juya lungu da gwiwoyinta. "Eli, ka yi magana mana. Ka ga katunan da na buga a takarda, har ka ce su za mu raba na biki. Kai ka ba ni rigar nan da kanka. Ka gaya musu!"

Elisha bai ɗago ba.

"Ni na ba ta, Mama."

"Ta gaya maka abin da za ta yi da ita?"

"A'a."

"Katunan fa, a cikinsu ka ga an dafa rigar mutum?"

"A'a."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Namiji guda, mai gemu, mai tuƙa injin da ya fi ɗaki girma, "a'a" biyu ya iya samowa a ranar da ake neman bakinsa. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba.

Hadassah ta share fuska da bayan hannu. Ta juya ta kafe Tracy da ido.

"Wa ya shiga gidanmu ya buɗe min tukunya?"

"Me kike kallona? Abeg, ni ba ruwana o."

"Wanda Allah ya buɗe wa ido ne ya kawo shi," in ji Mama. "Ba sunansa ya tara mu ba."

Hadassah ta sauke ido kan hannuwan Tracy. Duk wanda ya ɗauki ƙullin nan da ɗuminsa yana ɗiga, dole ya bar masa shaida. Amma yatsun Tracy fes suke, dogayen farata sun sha jan fenti, ko ɗigo babu. Ta ce a ranta, makira, da leda ta ɗauka ke nan.

Dattijo ya gyara murya.

"Ga abin da na gani. Ni ne shugaban kwamitin aure, ba zan kai wa Fasto maganar da ke da wannan a ƙarƙashinta ba. Za a fitar da abin nan tsakar gida a zuba masa kananzir a ƙone. Ke kuma ki tsaya gaban Zumuntar Mata ki tuba. Maganar Asabar, a ajiye ta tukuna."

"Baba, kada ku ƙona!"

"Kun gani ko?" in ji Mama. "Tana tsoron ya karye."

"In kun ƙona shi, da me zan wanke kaina? Har in mutu za a riƙa nuna ni a Kamazou ana cewa ga wadda ta dafa saurayi. Ku kwance shi kawai. In kun ga laya, ko gashi, ko sunan wani, ku ƙone shi ku haɗa da ni."

"Momi, kar a kwance a cikin gida o!" Tracy ta matsa baya. "Wa ya san abin da zai fito?"

Dattijo ya kalli Mama, Mama ta kalli tiren. Cikinsu ba mai niyyar taɓawa.

"Ke kika ƙulla," Dattijo ya ce daga ƙarshe. "Ke za ki kwance. A gabanmu."

* * *

Ta ja gwiwa zuwa gaban tiren. Sai da ta sa haƙori ta kama bakin zaren. Dattijo ya buɗe Littafi yana motsa leɓe. Mama ta riƙe kwalbar man zaitun a buɗe, a shirye. Tracy kuwa ƙafa ɗaya a falo ɗaya a kicin.

Zaren ya warware, ya bar zane-zanensa a jikin rigar. Ta kwantar da bututun ta fara murzawa a hankali, yadin na buɗewa a kan siminti. Ta kama wuyan rigar ta ɗaga, ta ajiye ta gefe, baƙa, jiƙaƙƙiya.

Ganye ne kawai a jere, sun yi laushi sun manne. Babu laya, babu gashi.

Ta sa farce ta ɗaga na farko.

A ƙarƙashinsa ga wani ganyen, a jikin yadin. Ruwan ƙasa mai duhu, gefensa baƙi siriri kamar an zana da alƙalami, jijiyoyin nan na ganyen gwaiba a jere reras. Har ɗan ramin da tsutsa ta ci ya fito. Ta ɗaga na biyu, ta ɗaga na uku. Leɓen Dattijo ya daina motsi.

Sai dai da ta kai can ciki, inda tiririn bai gama ratsawa ba, hotunan suka fara dusashewa. Na ƙarshen inuwa ce kawai, sai ka ƙura ido.

Nan ne kukan gaske ya zo mata.

"Kallabi ne, Mama. Naki ne. Na san ba ni da uwar da za ta zo miki da akwati, ba ni da abin da zan kawo wanda ba ki da shi. Na ce bari in sa miki bishiyar marigayi Baba a abin da za ki ɗaura, ki shiga coci da ita, ki je garinku Akwanga da ita. Ganyen zai bushe ya faɗi, wannan kuwa ba ya fita. Ran Asabar na so in miƙa miki. Ga shi an cire bai dahu ba, rabi ya lalace."

Mama ta ajiye kwalbar. Ta sauko daga kujera da ƙyar, ta durƙusa a gaban yadin, ta kai yatsa ta bi jijiyar ganye ɗaya tun daga tushe har baki. Ta ɗaga kai ta kalli taga, inda gwaibar ke tsaye a tsakar gida. Ta sake kallon yadin.

"Shekarar da na haifi Elisha ya dasa ta," ta ce, ba da kowa take ba. "A gwangwanin madara ya kawo ta. Na yi masa dariya na ce ba za ta yi ba."

Ta ja bakin zanenta ta toshe fuska. Kafaɗunta suka fara rawa.

"Ke kuma me ya hana ki faɗa? Yarinyar banza, me ya hana ki buɗe baki? Kin sa na zage ki a gaban mutane!"

Wanda ya san Mama Celina ya san wannan ita ce ban haƙurinta, ba za a samu wadda ta fi ta ba.

"Ni dama ban ce komai ba," in ji Tracy. Ba wanda ya kalle ta.

Dattijo Ɗanjuma ya rufe Littafi, ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Kunya ta kama shi, amma dattijo ne, ya san hanyar fita.

"To. Shaiɗan ya so ya shiga gidan nan, Ubangiji bai ba shi dama ba. 'Yata, ki yi haƙuri da mu. Asabar tana nan yadda aka sa. Ku taso, mu haɗa hannu mu yi addu'a."

Suka miƙe suka zagaye yadin. Mama ce da kanta ta kamo hannun Hadassah, baƙin hannun nan da ta gama zagi, ta damƙe shi sosai. Yarinyar ta miƙa ɗaya hannun wajen Elisha tana murmushi cikin hawaye. Ta ma yafe masa shirunsa tun kafin ya roƙa.

Elisha ya taso, amma hannuwansa na nan a hammata.

"Baba, a yi addu'ar haka mana."

"Haka yaya? Kai, kama hannun matarka."

Ya kalli uwarsa. Ya kalli ƙofa. Sai da kowa ya sunkuyar da kai ya rufe ido sannan ya zaro hannun da sauri ya sa a nata.

"Ubanmu na sama," Dattijo ya fara, "mun gode maka da ka tona ƙaryar maƙiyi..."

Hannun ba yadda ta san shi yake ba. Ya yi kaushi kamar an dirje shi da yashi, ga wani kumburi a tafin, irin na wanda ya ɗauki abu mai zafi. Da ta ɗan matsa sai ta ji ya zabura.

Ta buɗe ido.

Yatsunsa baƙi ƙirin, har ƙarƙashin farce. An wanke, an dirje har fatar ta yi ja, amma baƙin na nan daram, irin nata sak.

Ta daɗe tana kallon hannuwan biyu a haɗe. Sannan ta ɗago, ta tarar shi ma idonsa a buɗe yake, yana kallonta.

"...ka ɗaure su da igiyar ƙauna wadda ba mai iya..."

"Kana Kudenda," ta ce.

Dattijo ya tsaya cak. Kowa ya buɗe ido.

"Dassah, don Allah bari in yi miki bayani."

"Kana wajen aiki. Oga na kiran ka. Kar in ɗora wa mutum abin da ban gani da idona ba." Muryarta ko rawa ba ta yi, hawayen ne kawai ke zuba. "To yanzu na gani."

"Zuwa na yi in tambaye ki, na rantse! Na tarar ba kya nan, na ji wari, na ɗaga murfin. Na ga rigata a ɗaure da ƙarfe tana tafasa. Dassah, ko waye ya gani sai ya tsorata. Kullum ana faɗa min a gida, ana faɗa min, har na fara tambayar kaina ko son da nake miki nawa ne ko sa min aka yi."

"Ka fara tambayar kanka."

"Na tambaye ki a waya me ke ciki, kin ƙi faɗa!"

"Na ƙi faɗa, gaskiya ne. Amma da ka ce min, Dassah, yana hannuna, na tsorata, da a wayar nan zan gaya maka komai. Mama ba ta san ni ba, tana da hujja. Baba bai san ni ba. Ko Tracy da na zarga a banza, ki yafe min, ba ta san ni ba. Kai fa? Kai ka raka ni kabarin uwata. Ka zauna a lungun can kana ji ana cewa in tsaya gaban mata in tuba, ka ɓoye hannu."

"Ni na matsa masa, 'yata," Mama ta ce da sauri, tana ƙara damƙe hannunta. "Laifina ne. Ni na hana shi barci da maganar nan."

'Yata. Kalmar da ta yi wata da watanni tana jira, yau ta zo, ta kuma rasa inda za ta ajiye ta.

Ta zare hannunta daga na Elisha, sannan ta zare ɗayan daga na Mama a hankali, cikin ladabi. Ta sunkuya ta kakkaɓe sauran ganyen daga kallabin, ta ninke shi ta yadda ɓangaren da ya kama ne a sama, ta durƙusa ta ɗora a hannun Mama.

"A shanya shi a inuwa, Mama. Kada a wanke sai ya kwana biyu."

"Asabar ɗin fa? Hadassah, Asabar ɗin fa?"

Hadassah ta ɗauki baƙar rigar daga siminti, tana ɗiga, ta je gaban Elisha. Ya miƙo hannuwa biyu yana kuka, yana zaton nata za ta ba shi. Rigar ta ɗora masa.

"Kada ka wahalar da kanka da sabulu, ba ya fita," ta ce. "Ga rigarka. Kana tsoron na ƙulle ka, to ka shaida a gaban Mama da Baba, na kwance ka."

Ta sa takalminta a bakin ƙofa, ta bi ta ƙarƙashin gwaibar ta fita, Mama na bayanta da kallabi a hannu tana kiran sunanta.